Tashar Nukiliya a Kan Teku, Gas ko Sola: A Ina Ya Kamata Katsina Ta Sa Rai?

Duk sanda babban layin wutar ƙasa ya faɗi, sai maganar nukiliya ta dawo bakin mutane, a majalisun unguwa da kuma Facebook. A 'yan shekarun nan maganar ta ɗauki sabon salo. Ana cewa ba sai an shafe shekara da shekaru ana haƙa da zuba kankare ba. A ƙera tashar a masana'antar jiragen ruwa, a ɗora ta bisa ƙaton jirgi na ƙarfe, a jawo ta zuwa gaɓar Legas ko Kalaba, a ɗaure ta, a jona mata waya. Manyan injiniyoyi a ƙasashe da dama sun ɗauki shawarar da muhimmanci, ni ma ban ɗauke ta wasa ba. Sai dai tambayar da ta dame ni ta ɗan Katsina ce. Tun da aka sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, jihohi sun samu damar tsara kasuwar wutarsu da kansu. Kenan zaɓi ya zo hannunmu: jiha ta san inda za ta zuba kuɗinta, wakilanmu a Abuja su san abin da za su nace a kai, mai injin niƙa da mai ƙanƙara su san ko su jira ko su nema wa kansu mafita. Hanyoyi uku ake ta ambata, nukiliya daga teku, gas ta bututu, da sola a nan gida. Ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba lokaci ɗaya za su iso ba.

Tashar nukiliya, in aka cire tsoron da sunan ke jefawa a zuciya, tukunya ce ta dafa ruwa. Ana tsaga ƙwayoyin yuraniyom su ba da zafi, zafin ya mai da ruwa tururi, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. Abin da ya bambanta ta da tashar gas shi ne, ko an kashe ta, man da ke cikinta yana ci gaba da fitar da zafi na tsawon lokaci, don haka dole ruwan sanyaya ya yi ta zagayawa ba tsayawa. Wannan ne ya kawo bala'in Fukushima a Japan ranar 11 ga Maris, 2011. Girgizar ƙasa ta katse wutar waje, igiyar tsunami ta shanye janaretocin ko-ta-kwana, famfunan sanyaya suka mutu, tukwane uku suka narke. Masu goyon bayan tashar kan teku daga nan suke ɗauko hujjarsu mafi ƙarfi: in tukunyar tana zaune ƙasa da saman ruwa, teku ne da kansa ke kewaye da ita, ruwan sanyaya ba zai yanke ba.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Sojojin Amurka sun ɗora ƙaramar tukunya mai megawat 10 a kan wani tsohon jirgi mai suna Sturgis, ta ba yankin mashigin Panama wuta daga 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1970. A wannan zamanin ne kuma kamfanonin Westinghouse da Tenneco suka haɗa gwiwa suka fara gina masana'anta a Florida don ƙera manyan tashoshi masu iyo da za a girke a gaɓar New Jersey. An kashe kuɗi mai yawa, amma a 1978 aka soke odar, ko guda ɗaya ba a ƙera ba. A yau tashar nukiliya mai iyo da ke sayar wa gari wuta ita ce Akademik Lomonosov ta kamfanin Rosatom na Rasha. Tsawonta mita 144, tana ɗauke da tukwane biyu, kowace megawat 35, jimilla 70. An fara ƙera ta a 2007, da niyyar gamawa cikin 'yan shekaru, amma sai a Disamban 2019 ta fara ba da wuta a garin Pevek da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Rasha, kuma kuɗinta ya ninka abin da aka ƙiyasta tun farko sau da dama. Pevek ɗan ƙaramin gari ne na 'yan dubban mutane da ma'adinai a kewaye, wurin da ƙanƙara ke rufe teku mafi yawan shekara. Wani babban amfanin tashar a can shi ne ɗumama gidaje da ruwan zafi, abin da mu ba mu da buƙatarsa.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da suka sa nake ganin irin wannan tasha ta fi dacewa da Najeriya a kan manyan tashoshin doron ƙasa. Na farko girmanta. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada inji guda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa gaba ɗaya, domin in ya tsaya ba zato zai iya jan sauran su faɗi. Wutar da ke yawo a layinmu yawanci tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,500 take, ga ƙasa mai mutane sama da miliyan 200. Tukunya irin wadda Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa, guda huɗu kowace megawat 1,200, ta yi wa layinmu nauyi a halin da yake ciki. Megawat 70 ko 100 kuwa layin zai ɗauka. Na biyu shi ne sharar. A tsarin da masu sayar da waɗannan jirage ke tallatawa, su ne za su zo da mai, su ne za su janye jirgin zuwa gida in lokacin babban gyara ya yi, su tafi da man da aka ƙona. Ga ƙasar da ta ga abin da ya faru a garin Koko, da ke jihar Delta ta yanzu, a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a wani fili a garin, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

To, ina matsalar take? Bari in fara da wadda ake yawan tsallakewa. Hujjar nan ta kariya daga tsunami ta shafi zanen da ke son girke tashar can cikin ruwa mai zurfi ne, nesa da gaɓa, kamar wanda masu bincike na jami'ar MIT a Amurka suka gabatar a 2014. Wannan har yanzu a takarda yake. Akademik Lomonosov a bakin gaɓa take ɗaure, bayan katangar da aka gina mata. Kuma gaɓar tekunmu ba wurin manyan girgizar ƙasa ba ne. Barazanar da muke da ita daban ce. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a tekunan duniya, 130 a Mashigin Gini aka sace su. Abin ya ragu sosai daga baya, amma duk wanda zai ajiye tukunyar nukiliya a wannan ruwa sai ya lissafa kuɗin sojan ruwa masu gadinta dare da rana na shekaru arba'in, kuma kuɗin nan a kan farashin yunit zai sauka.

Sai lokaci da kuɗi. Nukiliya na iya tafiya daidai in ƙasa ta shirya: Hadaddiyar Daular Larabawa ta ɗauko 'yan Koriya ta Kudu suka gina mata tukwane huɗu a Barakah, megawat 5,600, ta farko ta hau layi a 2020, ta ƙarshe a 2024, yanzu suna ba da kusan rubu'in wutar ƙasar. Amma a Amurka, sababbin tukwane biyu na Vogtle a jihar Georgia sun makara da shekara bakwai, kuɗinsu ya haura dala biliyan 30. Ƙananan tukwane ma, waɗanda ake cewa su ne mafita, aikin farko da kamfanin NuScale ya shirya a Amurka an soke shi a Nuwamban 2023 bayan farashi ya tashi, garuruwan da za su sayi wutar suka ja da baya. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg kusa da Cape Town, tun 1984. Najeriya ta ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom don gina tashoshin nukiliya, ta kuma sa hannu da Rosatom a 2017, amma ba a kafa ko tubali ba. Wanda duk ya ce maka wutar nukiliya za ta shigo Ƙofar Ƙaura cikin shekara biyar, ka nemi ya nuna maka jirgin da aka fara ƙerawa da sunanmu.

Wani zai ce ai ga yuraniyom nan a Arlit, maƙwabtanmu ne, har Hausa muke yi da su. Gaskiya ne Nijar na cikin ƙasashen da suka daɗe suna haƙo shi. Sai dai abin da ke fitowa daga rami kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na nau'in da ke ƙonewa a tukunya. Dole a kai shi masana'antar tacewa a ɗaga shi zuwa kashi 3 ko 5, na jirage ma ya fi haka, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke da wannan masana'anta, Rasha a kan gaba. Kusancinmu da Arlit ba zai rage mana ko sisi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tashar haya shi ne makunnin yana hannun mai ita. Duk wanda ya taɓa riƙe shago a kasuwa ya san mai janareton maja: ranar da ba ka biya ba, yaronsa zai zo ya zare wayarka, ba ruwansa da cinikin da kake ciki. Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Kamfanin Karpowership na Turkiyya yana da jirage masu ƙona mai da gas da ke ba ƙasashe irin su Gana, Senegal da Saliyo wuta. A 2023 ya kashe wa birnin Freetown wuta saboda bashi, a Oktoban shekarar kuma ya yi wa birnin Bisau haka. Mu ma mun yi wa wasu. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta katse wutar da take tura musu, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga ɗauke-ɗauken wuta, 'yan'uwanmu na ƙetaren Jibiya sun ɗanɗana. Jirgin nukiliya da dala za a biya shi, alhali mai mita da naira yake sayen kati, kuma kasuwar wutarmu ta daɗe tana fama da bashin da ba a biya masu samar da wuta ba.

Amma a ce duk an warware waɗannan. An samu jirgi, an samu gadi, an samu dala. Ga shi nan a ɗaure a Legas yana fitar da wuta ba dare ba rana. Tsakanin Legas da Katsina akwai tafiyar sama da kilomita 1,000 ta mota. Wutar nan sai ta hau turakun TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ta keta dazuka da jihohi, ta iso Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano, sannan ta biyo layin 132kV zuwa Kankiya da Katsina da Daura, kafin KEDCO ta rarraba ta zuwa transfomar unguwa. Mu ne a wutsiyar waya. Mun ga abin da hakan ke nufi a Oktoban 2024. An lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana injiniyoyi shiga gyara da wuri, sai layin da ya rage, wanda ke tasowa daga Ugwuaji a Enugu ta Makurɗi zuwa Jos, shi ma ya faɗi. Mafi yawan Arewa ta kwana sama da mako guda a duhu. A duk waɗannan kwanaki tashoshin Kudu suna aiki, wuta tana nan, hanyar kawo ta ce ta yanke. Da a ce akwai jiragen nukiliya goma a gaɓar Legas a wannan makon, da masu walda da teloli da masu sayar da ruwan sanyi a Katsina haka za su zauna hannu rabbana. Wannan shi ne ma'aunin da nake ɗora kowace shawara a kai: wutar nan turaku nawa za ta bi kafin ta iso mu, kuma wa ke gadin turakun?

In kuwa aka ce a kawo tukunyar nan Katsina a kafa a ƙasa, sai maganar ruwa ta taso. Tashar nukiliya tana shan ruwa mai yawan gaske wajen sanyaya tururi, shi ya sa kusan dukkansu a bakin teku ko babban kogi suke. Madatsun Zoɓe da Jibiya da Sabke ruwan sha da noman rani ma suna nema su fi ƙarfinsu in bazara ta tsananta.

Gas shi ne na tsakiya, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Mafi yawan wutar Najeriya daga gas take, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020 lokacin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, an kuma sha ɗage ranar kammala shi. In gas ya iso Kano aka kafa tasha a can, wutar da za ta zo mana ta rage tafiya ƙwarai, daga sama da kilomita 1,000 zuwa ƙasa da 200. Tashar gas ana gina ta cikin shekara biyu zuwa uku, injiniyoyinmu sun san ta, ana iya ƙara mata wuta ko a rage gwargwadon buƙata, wanda ya sa ta dace ta cike gurbin sola da daddare. Raunin ta shi ne bututu ma dogon abu ne da ke bi ta daji, ana iya fasa shi, kuma farashin gas yana bin dala. Duk da haka, ga masaƙa ko babban kamfanin casar shinkafa a Funtua da ke son wuta mai ƙarfi awa 24, gas ne abin da ya fi kusa da zama gaskiya.

Sola kuwa tana da abin da sauran biyun ba su da shi: man da take sha a kanmu yake sauka kowace safiya. Yankin Katsina da Daura na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Najeriya. Faranti mai ƙarfin kilowat 1, in yana da tsabta kuma an kafa shi daidai, yana ba da kusan yunit 4 da rabi zuwa 5 a rana. Farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020 a kasuwar duniya. Kuma aikin ba ya jiran shekara goma. Jami'ar Bayero ta samu tashar haɗin sola da batir da janareto mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe wata mai megawat 10 a Challawa ta Kumbotso a farkon 2023.

Kada dai a ruɗe mu da lambobi. Megawat na sola da megawat na nukiliya ba ɗaya ba ne. Tukunyar nukiliya mai kyau tana aiki kusan kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara, sola kuwa in aka baje abin da ta samar a kan dare da rana bai fi kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta ba. Kafin a samu wutar da jirgi mai megawat 70 zai iya bayarwa a shekara, sai an shimfiɗa faranti na megawat 300 zuwa 350, a kan fili hekta 500 ko fiye, sannan a sayi batir ɗin da zai riƙe wutar rana zuwa dare. Filin nan gonar wani ce ko makiyayar wani, dole a yi maganar diyya da gaskiya tun farko. Batir kuma shi ne ke cinye kuɗin.

Akwai kuma abin da yanayinmu ke yi wa kayan. Ka hau rufin da aka sa faranti a tsakiyar hunturu ka ja yatsa a kan gilashin, za ka ga layi baƙi ya fito a cikin jan ƙura, yatsanka ya yi futu-futu. Wannan ƙurar wuta take ci. Mai gida yana ƙasa yana zargin inbata ko mai haɗawa, alhali bokitin ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, su ne maganin. Hazo kansa yana rage hasken da ke saukowa, wannan ba shi da magani sai dai a ƙara yawan faranti tun wajen lissafi. Da bazara kuma zafi ne. Ana auna ƙarfin faranti a kan digiri 25, duk digirin da ya hau sama yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma a watan Afrilu gilashin da ke kwance dab da kwanon rufi yana iya wuce digiri 60. Shi ya sa mai haɗawa na kirki ke ɗaga faranti sama da kwano, ya bar wa iska hanya. Batir mai ruwa, wanda aka fi saye don sauƙin kuɗi, zafi ne ke kashe shi: duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa kusan biyu. Sau da yawa za ka ga an cusa batura a wani lungu marar taga kusa da kicin, kafin shekara biyu sun kumbura. Na lithium ya fi tsada ranar saye, amma yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda mai ruwa ke gajiya a ɗaruruwa ko dubu da 'yan kai. In aka raba kuɗin da shekarun aiki, yawanci lithium ne mai arha.

Ga mai sana'a da ke son yanke shawara yau, tambaya ta farko ita ce yaushe kake shan wuta. Wanda aikinsa na rana ne, kamar mai famfon ban ruwa a fadamar Jibiya ko Dutsin-Ma, tela, mai kwamfuta da buga takardu, mai cajin waya, makaranta, to sola ta riga ta yi nasara a wajensa, domin batir kaɗan yake buƙata, famfon ban ruwa ma ba ya buƙatar ko ɗaya. Wanda kayansa ke da mota mai nauyi, irin injin niƙa, injin ƙanƙara ko na walda, sai ya yi hattara. Mota tana jan wuta ninki uku zuwa shida na ƙarfinta a daƙiƙun tashi, inbata ƙarama za ta yanke ko ta ƙone. Irin wannan ya fi kyau ya haɗa biyu: sola ta ɗauki rana, layin gwamnati ko janareto ya tsaya a baya. Lissafin ba wuya. Litar dizal a janareto mai lafiya tana ba da kusan yunit 3, sai ka raba kuɗin lita da uku ka ga nawa kake sayen yunit, ka kwatanta da na rukunin Band A, masu samun wutar layi mafi yawan sa'o'i, da ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, ka kuma kwatanta da kuɗin kayan sola in an raba su a kan shekarun da za su yi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ƙaramin janareto ya zama hanya mafi tsada a cikinsu. Mai ƙanƙara da ke son daskarewa cikin dare a watan azumi shi ne wanda sola ita kaɗai za ta fi yi wa tsada, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar layi mai ƙarfi.

A matakin jiha, tarihinmu ya isa ya koya mana cewa samun rana ko iska ba shi ne samun wuta ba. Tashar iska ta Lambar Rimi, megawat 10 da farfela 37, tunani ne tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. A Disamban 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin a Rimi, aikin ya tsaya, daga nan ya yi ta tafiyar hawainiya shekara da shekaru. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 don gina manyan tashoshin sola na sama da megawat 1,000, har da mai megawat 75 a Kankiya. Taƙaddama kan farashi da lamunin biya ta hana su tashi. Ba rana ce ta gaza ba a Kankiya, tabbacin wanda zai sayi wutar ya biya ne babu. Wannan ciwon kuwa zai kama jirgin nukiliya fiye da yadda ya kama sola, domin kuɗinsa ya fi yawa, masu ba da bashinsa sun fi tsanani.

Saboda haka in ni aka tambaya, kuɗin jiha ya tafi kan sola da batir a wuraren da ke da mai biya a tsaye: asibitoci, tashoshin ruwan sha, manyan makarantu, kasuwanni irin Babbar Kasuwar Katsina da ta Mai'aduwa, da ƙananan layukan ƙauye masu mita. A yi su matsakaita a wurare da yawa, kusa da masu sha, yadda in turaku sun faɗi a dajin Neja, ɗakin haihuwa a Daura ba zai koma fitilar waya ba. A sa kuɗin wanke faranti da canjin batir a cikin kasafi tun ranar farko, a horar da matasan da za su riƙa gyara, domin fitilun titi na sola da suka mutu a garuruwanmu sun isa shaida kan abin da ke faruwa in an kafa an tafi. Muryar wakilanmu kuma ta tafi kan abubuwa biyu: a kammala layin 330kV na Kano zuwa Katsina da aka daɗe da bayarwa ya yi ta jinkiri, a kuma ga gas ya iso Kano da tashar da za ta ƙona shi.

Nukiliya ba na cewa a rufe mata ƙofa. Ƙasa mai yawan jama'a irin tamu, in masana'antu suka tashi, za ta buƙaci wuta mai ɗorewa wadda ba ta jiran rana ko damina, kuma gas ba zai dawwama ba. In jirgi ya ɗauke wa Legas da Fatakwal wani nauyi, wutar Kainji da Shiroro da Zungeru za ta fi yalwa ga Arewa. Rabonmu a cikin wannan harka yanzu shi ne ilimi. A Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar bincike da ke aiki tun 2004, an ma sauya mata mai zuwa mai ƙarancin tacewa a 2018. Tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Katsina. Ɗaliban kimiyyar lissafi da injiniya daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da suka samu tallafin karatu zuwa can, su ne za su iya zama a teburin hukumar kula da nukiliya ranar da za a karanta yarjejeniya.

Ranar da aka kawo irin wannan yarjejeniya majalisa, akwai sakin layi ɗaya da nake so sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai su nema su karanta da idonsu. Masu gina manyan tashoshi sukan sa sharaɗin cewa za a biya su kuɗin wutar da suka shirya bayarwa, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Irin wannan sharaɗi ne a kan tashar gas ta Azura da ke Edo, kuma ya sha jawo muhawara. In aka sa shi a kan jirgin nukiliya alhali layin Arewa yana nan yadda yake, to duk makon da turaku suka faɗi, baitulmalin da Bakatsine ke da haƙƙi a cikinsa zai biya dala kan wutar da ba ta ƙetare Kaduna ba. Su tambaya a rubuce: wane layi ne zai ɗauko wutar zuwa Kano da Katsina, nawa zai ci, kuma za a gama shi kafin jirgin ya iso ko bayan ya iso?